Gyaran Kuskure a Salsalar Iyali ta Intanet: Ta Ina Ake Farawa?

Tambaya: Na ga sunan kakan mahaifina a shafukan salsalar iyali na intanet. An rubuta cewa an haife shi a 1871, alhali a gidanmu 1878 muka sani, kuma an jingina shi ga wata uwa da ba mu taɓa jin sunanta ba. Na ƙirga salsaloli sama da ashirin masu ɗauke da wannan bayani. Na gyara a shafi ɗaya, ba a yi mako biyu ba wani ya mayar da shi yadda yake. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Amsa: Malam, ka dakata da gyaran tukuna, domin a cikin tambayarka akwai wata alama da ya kamata a bi sawunta. Da shekarar ce kaɗai ta kauce, sai in ce hannun marubuci ne ya zame, ko mai kwafa ya karanta lamba a karkace. Da sunan uwar ne kaɗai ya bambanta, sai in yi zaton mace ɗaya ce, a gida an san ta da laƙabi, a takarda kuma an rubuta ainihin sunanta. To amma shekara da uwa sun kauce tare. A wannan aiki, duk inda abu biyu manya suka kauce tare, zaton farko shi ne mutum biyu ne masu suna ɗaya aka mayar da su mutum guda.

Wataƙila takwara ne kawai da suka zauna gari ɗaya. Akwai kuma wata hanya da ta fi wannan rikitarwa, wadda ake cin karo da ita a kai a kai a littattafan coci na Turai na ƙarni na 18 da na 19. Mutum ya haifi ɗa da matarsa ta fari, yaron ya rasu yana ƙarami, uwar ma ta rasu, uban ya sake aure, da aka sami wani ɗa namiji sai aka mayar masa da sunan wanda ya rasu. Suna ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya, uwa daban, tsakaninsu shekara bakwai. Idan haka lamarinka yake, wanda ya mayar da gyaranka ba taurin kai yake yi ba, yana kare wani yaro ne da ya taɓa rayuwa da gaske, kuma takardar haihuwarsa tana hannunsa. Kai kana da gaskiya a kan kakanka, shi yana da gaskiya a kan nasa yaron. Duk sanda ka goge 1871 ka sa 1878, ka shafe yaron farko daga tarihi. Duk sanda ya mayar, ya ba kakanka uwar da ba ita ta haife shi ba. Kuna iya shekara kuna wannan ja-in-ja ba wanda ya ci.

Ban ce lallai haka ne ba. Na kawo shi ne don ka ga dalilin da ya sa aikin farko shi ne gano inda kuskuren ya shigo.

Duk bayanin da ka gani a allon kwamfuta ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka. Abu ya faru, wani ya je ya faɗa wa malamin rajista, malamin ya rubuta abin da kunnensa ya ji da irin rubutun hannunsa. Bayan shekaru aka ɗauki hoton littafin. Wani ɗan sa-kai, ko ma'aikacin kamfani, ko na'ura mai karanta rubutun hannu, ya dubi hoton ya kwafe sunaye da shekaru cikin fihirisa domin a iya bincike. Daga nan wani mai neman asalinsa ya ga fihirisar, ya yanke hukunci cewa wannan nasa ne, ya liƙa a salsalarsa. A kowane mataki kuskure yana iya shiga, kuma kowane mataki da ƙofar da ake bi a gyara shi. Mafi yawan wahalar da mutane ke sha, ƙofar salsala suke bugawa alhali ɓarnar tana cikin fihirisa, ko su tsaya zargin fihirisa alhali takardar asalin ce ta faɗi haka.

Saboda haka ka buɗe hoton takardar kanta. Gani ya kori ji. Kada ka tsaya a taƙaitaccen bayanin da shafin ya nuna maka, domin fihirisa yawanci suna da shekara da gari kawai take ɗauka, ta bar sana'ar uba, da unguwa, da sunayen shaidu, da ɗan rubutun da wani limami ko magatakarda ya yi a gefen shafi. Sau da yawa a wannan gefen ake samun alamar cewa yaron ya rasu. Ka duba shafin da ke gaba da na baya, ka kwatanta yadda marubucin yake zana lambobinsa a wasu layuka. Hannu ɗaya yana iya rubuta 1 kamar 7, wani 3 ɗinsa kamar 8 take. A tsofaffin takardun Turai akwai doguwar s mai kama da f, wadda ta ɓata sunaye ba adadi a fihirisoshi, ga kuma littattafan da aka rubuta da Latin, inda James yake komawa Jacobus.

Idan ka sami takardar, tambayar da ke biye ita ce: wa ya ba da wannan labari, kuma yana wurin lokacin da abin ya faru? Takarda ɗaya tana iya zama ingantacciya a wani layi, mai rauni a layin da ke ƙasa da shi. Ɗauki takardar shaidar mutuwa. Ranar rasuwa da wurinta an rubuta su cikin kwanaki kaɗan, daga bakin wanda ya gani, don haka abin dogaro ne. Amma shekarar haihuwar mamacin da sunan mahaifiyarsa fa? Suruki ne ko jika ya faɗa, cikin jimami, a kan abin da ya faru shekara saba'in kafin nan, shi kuwa ba a ko haife shi ba. Idan matar uba ce ta reni mamacin, ba abin mamaki ba ne a ba da sunanta a matsayin uwa. Dutsen kabari ma haka yake, wani lokaci sai bayan shekaru ake kafa shi. Takardun ƙidayar jama'a kuwa a kan shekaru ba su da tabbas ko kaɗan. Masana ƙidaya sun daɗe da sanin cewa mutane suna karkata ga shekarun da suka ƙare da 0 ko 5. A ƙidayar Ingila da Wales ta 1841 ma umarni aka ba jami'ai su rage shekarun duk wanda ya wuce 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, ta yadda mai 29 zai fito a matsayin mai 25. Wanda ya ciro shekarar haihuwa daga wannan ƙidaya ya rubuta ta kamar tabbas, ya shuka kuskuren shekara huɗu da hannunsa.

Wannan ma'auni ya hau kan 1878 ɗinka ita ma, kada ka ji haushi. "A gida muka sani" magana ce mai daraja, ita ce take nuna wa mai bincike inda zai haƙa, amma ka tambayi kanka daga ina ta samo. Rubuce take a wani tsohon littafi tun zamanin mutumin, ko wani dattijo ne ya yi lissafi daga baya? Idan akwai rubutu, ɗauki hotonsa, ka lura ko tawada ɗaya da hannu ɗaya aka rubuta duk sunayen 'ya'yan. Idan haka ne, a zama ɗaya aka rubuta su bayan an gama haihuwa, wato daga tuni, kuma ƙarfinsa ya ragu.

Salsaloli ashirin da suka tayar maka da hankali ba shaidu ashirin ba ne. Kusan kullum mutum ɗaya ne ya fara, sauran suka kwafa. Shafuka irin su Ancestry da MyHeritage suna nuna wa mai amfani da su shawarwari, su ce ga wani a salsalar wane da ya yi kama da naka, da dannawa ɗaya sai ya kwashe mutumin da iyayensa da kakanninsa. Na'urar kuma tana ganin bayanin ya yawaita sai ta ƙara tallata shi. Ga kuma fayil ɗin GEDCOM, tsarin musayar salsala da aka ƙirƙira a 1984, wanda da shi ake ɗauke sunaye dubbai daga wannan manhaja zuwa waccan cikin minti ɗaya, da daidai ɗinsu da kuskurensu. Matsalar ma ta girmi intanet. Gustave Anjou, wanda ya rasu a 1942, ya yi shekaru yana ƙaga wa iyalai masu kuɗi a Amurka salsalar ƙarya, yana cakuɗa takardun gaskiya da na jabu, kuma har yau ana tsintar ƙage-ƙagensa a salsalolin intanet. To ka buɗe waɗannan ashirin ɗaya bayan ɗaya ka duba madogararsu. Za ka ga yawancinsu abin da suka rubuta a gurbin madogara shi ne "salsalar wani". Waɗannan ka ajiye su gefe. Ɗaya ko biyu da suka liƙa takarda, su ne abokan maganarka.

Yanzu ga yadda ake raba mutum biyu. Samu takarda ko buɗe jadawali a kwamfuta, ka jera duk wata takarda da ke ɗauke da sunan, bisa shekara, kowacce a layinta. A gaban kowacce ka rubuta shekarun da aka ba mutumin, da wurin zama, da sana'a, da sunan mata, da shaidu, da ko ya sa hannu ko alama ya yi. Kada ka yanke hukunci kana cikin jerawa. Idan mutum biyu ne, jadawalin da kansa zai tsage gida biyu: za ka ga mai suna ɗaya yana haihuwa a garuruwa biyu masu nisa cikin wata shida, ko yana aure yana da shekara goma sha ɗaya, ko ya iya sa hannu a 1899 ya koma yin alama a 1903. A naka lamarin, takardu huɗu nake so ka nema: rasuwar wani yaro mai wannan suna tsakanin 1871 da 1878, rasuwar matar da aka ce ita ce uwa, auren uban na biyu, da rajistar haihuwa ta 1878. Idan uban ya bar wasiyya ko an yi rabon gadonsa a kotu, wannan ta fi duka, domin a nan ake lissafa 'ya'ya, wani lokaci har da sunan uwayensu, kuma masu gado ba sa barin a yi kuskure a kan wanda ya cancanci kaso.

Rashin samun takarda ba ya nufin abin bai faru ba. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ingila da Wales sai 1 ga Yuli 1837 ta fara. Mafi yawan takardun ƙidayar Amurka ta 1890 sun salwanta sanadin gobarar 1921. Ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Dublin ta ƙone a 1922, ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ita ma wuta ta cinye ta a 1942. Abin da ke intanet kuma yanki ne kawai na abin da ke ma'ajiyoyi, kuma cikin wanda aka ɗauki hotonsa ma ba duka aka yi wa fihirisa ba. Sai ka tabbatar littafin wannan gari na waɗannan shekaru yana nan cikakke, ka bi shi shafi shafi, sannan shirunsa zai zama hujja.

Mu ɗauka ka gama, ka tabbatar. Sai maganar ƙofofi.

Idan takardar asali daidai take, fihirisa ce ta kwafa ba daidai ba, wannan shi ne gyara mafi sauƙi kuma mafi amfani, domin daga nan ne kuskuren yake malala zuwa salsaloli. Ancestry yana ba da dama ka ƙara karatun da kake ganin shi ne daidai. Ba ya goge na farko, yana ajiye naka a gefensa, kuma mai bincike zai iya samun mutumin da kowanne. Shafin FamilySearch ma yana barin a gyara fihirisa a tarin takardu da dama waɗanda hotonsu yake buɗe. Ka'ida ɗaya ce a nan: fihirisa madubin takarda ce, abin da ke rubuce za ka kwafa. Idan magatakarda ya rubuta sunan a karkace, a karkacen zai zauna, bayaninka kuma ya tafi wurin sharhi. Mutane da yawa suna "gyara" fihirisa ta koma abin da suka sani a gida, sai su raba ta da takardar da take wakilta.

Idan kuskuren yana cikin salsalar gamayya ne, wato irin wadda kowa da kowa ke aiki a kan bishiya ɗaya, kamar ta FamilySearch, ko WikiTree da aka kafa a 2008, ko Geni, to kana da ikon gyarawa, haka ma kowa. Daga bayaninka ina jin a irin wannan ka yi naka gyaran. A FamilySearch kowane mutum yana da lambar shaida tasa, kuma akwai tarihin canje-canje da ke nuna wanda ya taɓa me, da yaushe, da dalilin da ya bayar. Fara karanta wannan tarihi daga ƙasa. Sau da yawa za ka ga ranar da wani ya haɗe mutum biyu, da lambar wanda aka share. Idan ba a taɓa komai ba tun bayan haɗewar, ana iya warware ta kai tsaye. Idan an yi canje-canje bayanta, sai a dawo da wanda aka share ta lambarsa, sannan a zauna a raba kaya: wannan takarda ta wane ce, wannan mata ta wane ce, waɗannan 'ya'ya na wane ne. Aiki ne na haƙuri. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki shafin mutum a canza masa shekara da uwa da mata har ya rikiɗe ya zama wani. Idan yaron 1871 ba shi da shafi, buɗe masa nasa, ka liƙa masa takardar haihuwarsa da ta rasuwarsa, ka sa shi ƙarƙashin uwarsa. Muddin ba shi da wurin zama, takardarsa za ta ci gaba da yawo, na'ura kuma za ta ci gaba da miƙa ta ga kakanka. A FamilySearch akwai inda ake nuna cewa mutum biyu ba ɗaya ba ne, don shafin ya daina ba da shawarar a haɗe su; ka yi amfani da shi, ka rubuta dalili.

A WikiTree shafin mutum yakan kasance da mai kula da shi, haɗe shafi biyu kuma sai an nemi amincewa, sannan ba a barin mutum ya taɓa waɗanda aka haifa kafin 1700 sai ya nuna ya fahimci ka'idojin madogara. Geni yana da masu sa ido da ke iya kulle bayanin da aka tantance. A ganina wannan ɗan jinkiri alheri ne, ko da yake yana ƙular da mai gaggawa.

Akwatin nan da ake cewa ka rubuta dalilin gyara, shi ne wurin da yawancin mutane suke faɗuwa. Su rubuta "kakana ne, na sani", ko su bar shi fayau. Wanda ya zo bayanka bai san ka ba, abin da yake gani kawai wani baƙo ya canza shekarar da ke da takarda zuwa wadda ba ta da ita. Ko ni ne zan mayar. Ga irin abin da ke sa gyara ya zauna: "An haife shi a 1878, ɗan matar uban ta biyu. Madogara: rajistar haihuwa ta gari kaza, littafi kaza, shafi kaza, hoto yana liƙe. Wanda aka haifa a 1871 wansa ne da suke uba ɗaya, ya rasu yana ƙarami, ga lambar shafinsa, ga takardar rasuwarsa. Don Allah kada a haɗe su." Ka lura ba faɗin daidai kawai ya yi ba, ya bayyana inda 1871 ta fito da dalilin da ya sa ba ta wannan mutumin ba ce. Ƙwararrun wannan fanni suna da ma'aunin hujja mai sharuɗɗa biyar, wanda hukumar tantance masu binciken salsala ta Amurka ta tsara: a yi bincike mai faɗi gwargwadon iko, a faɗi madogara cikakkiya, a auna bayanai a kwatanta su, a warware duk inda suka ci karo, a rubuta hukunci da dalilansa. Na huɗun shi ne wanda ake yawan tsallakewa, kuma shi ne naka ya rasa.

Sannan ka rubuta wa wanda ya mayar da gyaranka. Akwai yiwuwar ɗan'uwanka ne na nesa, jinin gida ɗaya, kuma wataƙila yana riƙe da hoto ko wasiƙar da ba ka taɓa gani ba. Kada ka buɗe da "ka yi kuskure". Ka gaishe shi, ka ce kai jikan wane ne, ka ga ya sa 1871, kana so ka san takardar da ya dogara da ita domin kai ka sami wata da ta ce 1878, ga ta. Mutum ya fi saurin sauka daga ra'ayinsa idan shi ya gano da kansa. Idan ya yi shiru, ka ba shi 'yan makonni, ka yi gyaran da hujjarka, ka danna alamar bibiya don shafin ya sanar da kai duk sanda aka taɓa mutumin. Idan ya ci gaba da mayarwa ba dalili, kada ka biye masa. Kowane shafi yana da hanyar kai ƙara ga masu gudanarwa, kuma abin da za su duba shi ne wa ya kawo takarda.

Salsalolin da suke mallakar mutum ɗaya, irin na Ancestry da MyHeritage, ba ka da ikon taɓa su, kamfanin ma ba ya shiga ya gyara wa mutum salsalarsa. Abin da ke hannunka saƙo ne da sharhi. Da yawa daga cikin masu su sun buɗe ne shekaru da suka wuce suka watsar, wasu sun rasu. Kada ka ɓata ƙarfinka a kan ashirin. Ka rubuta wa waɗanda aka ga alamar suna shiga kwanan nan, sannan ka gina taka salsalar a buɗe, da takardu a liƙe, da ɗan bayani a kan yaran biyu. Na'urar da ta yaɗa kuskuren ita ce za ta riƙa nuna taka ga masu zuwa, kuma mai bincike na gaske yana bambance salsala mai takarda da marar ita. A Find a Grave, shafin tattara bayanan kaburbura wanda aka kafa a 1995 kuma Ancestry ya saya a 2013, ana aika shawarar gyara ne ga mai kula da shafin kabarin. Idan dutsen kansa ne ya ɗauki shekarar da ba daidai ba, hotonsa zai zauna yadda yake, a yi bayani a rubuce.

Idan kuwa takardar gwamnati ce kanta ta yi kuskure, babu shafin intanet da zai gyara ta. Wannan hurumin ofishin rajista ne ko kotu, kowace ƙasa da dokarta, kuma yawanci sai wanda abin ya shafa ko makusancinsa, da hujja daga lokacin da abin ya faru. Ga mutumin ƙarni na 19 ba kasafai ake bin wannan hanya ba. Ana barin takardar, a rubuta a salsala cewa ta ce kaza, amma ga dalilin da ya sa ba a bi ta ba.

Wasu abubuwa kuma kama da kuskure suke yi, ba kuskure ba ne, kada ka gyara su ka ɓata. Rubutun suna bai daidaita ba a yawancin duniya sai kwanan nan, mutum ɗaya yana iya fitowa da rubutu huɗu a takardu huɗu. Labarin da ake yawan ji cewa jami'an tsibirin Ellis, inda a da ake tantance masu ƙaura a New York, sun canza wa baƙi sunaye a Amurka ba shi da tushe, domin jerin sunayen fasinja tun a tashar da jirgi ya taso ake rubuta shi, jami'an dubawa kawai suke yi. Yawanci mutanen ne suka sauya sunansu daga baya. Garuruwa ma suna canza suna: Christiania ta koma Oslo a 1925, birnin da takardun Ostiriya suka kira Lemberg shi ne Lwów na Polan, shi ne Lviv na Yukren a yau. Ana rubuta wuri da sunan da yake da shi lokacin da abin ya faru. Kalanda ta fi duka yaudara. Ƙasashen Katolika da dama sun koma kalandar Gregori a 1582, Birtaniya da ƙasashen da take mulka sai 1752, Rasha sai 1918, don haka ranar haihuwa biyu masu tazarar kwana goma zuwa goma sha uku suna iya zama rana ɗaya. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take kamawa, shi ya sa za ka ga an rubuta Fabrairu 1720/21. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, kuma yawanci tana ratsa shekarun Miladiyya biyu, don haka wanda ya juya shekara ba tare da sanin wata ba yana iya kaucewa da ɗaya. Ga kuma 03/04, wanda Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, Bature na Ingila ya karanta 3 ga Afrilu. Rubuta sunan wata da haruffa kullum.

Za ka ji masu cewa gwajin DNA zai raba gardama. Yana taimakawa, amma ka san iyakarsa a irin tambayarka. Gwajin Y layin uba yake bi, uban kuwa ba a kansa ake jayayya ba. Abin da gwajin layin uwa zalla yake dubawa yana wucewa ne ta 'ya'ya mata kawai, don haka kakanka bai miƙo maka na mahaifiyarsa ba. Sai an sami zuriyar 'yar'uwarsa mace da suke uwa ɗaya, daga 'ya zuwa 'ya. Abin da ya rage shi ne gwajin gama-gari, inda za a duba ko kuna da alaƙa da zuriyar dangin matar farko ko na ta biyu. A wannan nisa rabon da ake tarayya a kai kaɗan ne, wani lokaci 'yan'uwa na gaskiya ma ba ya nuna komai tsakaninsu, shi ya sa ake fara gwada mafi tsufa a gida, da yardarsa. Kason ƙabila da kamfanoni ke nunawa kuwa kiyasi ne, ba ya tabbatar da uwar kowa. Gwajin kuma yana iya tono abin da ba a nema ba, wanda ya shafi mutanen da suke raye. Bayanin rayayyu ba a sa shi a fili, manyan shafukan ma ɓoye shi suke yi. Idan ka ga an sa wani mai rai a matsayin mamaci har bayaninsa ya bayyana, wannan ka kai wa masu gudanarwa nan take.

Kafin ka taɓa komai a salsalar gamayya, ɗauki hoton shafin yadda yake, ka rubuta lambobin mutanen da abin ya shafa. Ka kuma riƙe taka salsalar a kwamfutarka, da hotunan takardun a ajiye, domin yarjejeniyar shafuka da ma'ajiyoyi tana canzawa, hoton da ka gani bana yana iya rufuwa baɗi.

Idan ka nemi takardun nan huɗu ba ka sami abin da ya raba gardama ba, kada ka zaɓi shekara don kawai gurbin ya cika. Bar wadda ke da takarda a inda take, ka ƙara 1878 a matsayin wata ruwaya, ka rubuta daga bakin wa ta fito, ka lissafa littattafan da ka duba da shekarun da suka ƙunsa da waɗanda ba ka kai gare su ba. A kan uwar kuma ka rubuta a sarari cewa ba a tantance ba, kana zargin mutum biyu ne, ga dalilanka.